Filin Tambaya da Amsa: Wane ne Sahib Shihab?

TAMBAYA: Malam, a cikin tsofaffin fayafayan garmaho da na gada daga kawuna na ga sunan Sahib Shihab a jikin wani faifan John Coltrane. Shin Balarabe ne, kuma me ya sa ba a jin sunansa? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Malam, ba Balarabe ba ne, mabushin kiɗan jaz ne, baƙar fatar Amurka da aka haifa a garin Sabana na jihar Jojiya a 1925 da sunan Edmund Gregory, ya musulunta a 1947, lokacin da makaɗan jaz da dama suke karɓar Musulunci. Faifan da ke hannunka, in dai mai suna Coltrane ne na kamfanin Prestige, an ɗauke shi a 1957, kuma in ka saurari kiɗan Bakai za ka ji wata busa mai kauri kamar ta kakaki tana ta maimaita kanta tun daga farko. Wannan Shihab ne da babban sakasofon (wani abin busa na ƙarfe) da ake kira bariton.

Da ƙaramin sakasofon na alto ya fara, kuma da shi ya busa wa makaɗin piyano Thelonious Monk a 1947 sa'ad da aka ɗauki 'Round Midnight a kamfanin Blue Note, sannan a 1951 aka sake haɗuwa a kan Straight No Chaser da Criss Cross. A ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin kiɗan Monk yana da lanƙwasa da tsalle-tsallen da suke rikita mabusa da yawa, amma Shihab yana bin sa ba tare da ya yi tuntuɓe ko ya sassauta saurin salon jaz da ake kira bibof ba. Ya kuma iya sarewa ƙwarai.

Dalilin rashin shahararsa shi ne, yawancin aikinsa a bayan wasu ya yi shi, sunan mai faifai kuwa shi ake bugawa da manyan baƙaƙe. Ga shi kuma a 1959 ya bi ƙungiyar Quincy Jones zuwa Turai, ya zauna a Kofenhegen ta ƙasar Denmak, ya shafe shekaru yana busa a babbar ƙungiyar Kenny Clarke da Francy Boland, har masu sauraro a Amurka suka manta da shi. Ya rasu a 1989 a Nashbil ta Amurka.

Idan kana son jin sa a matsayin jagora, ka nemi Jazz Sahib na 1957, wanda Bill Evans ya kaɗa piyano a wani ɓangarensa. Ana samunsa a YouTube. Faifan kawunka kuma ka adana shi a tsaye, nesa da rana, don zafin Maraɗi yana lanƙwasa irinsu.