Muryar Baba makanike kan mukayyif, wato AC, na mota Kafris

Assalamu alaikum jama'ar gurup. To ɗana, na saurari saƙonka, ka ce Kafris ɗinka ƙirar 1988 in kana hawan dutsen Hada za ka Ɗa'if sai iskar mukayyif ta bar fuskarka ta koma gilashin gaba, kana tambaya nawa ake cika firiyon, wato gas ɗin mukayyif, yanzu a Jidda. Ni dai ba zan gaya maka kuɗin firiyon ba, don ba shi ne damuwarka ba. Ai kai da bakinka ka ce iskar da sanyinta. In da gas ne ya ƙare ai ɗumi za ka ji, ba canjin hanya ba.

Ka ga motocin Amurka na wancan zamani, su Kafris, su Subaban, har Ford, ƙofofin da ke juya iska a bayan dashbod ba lantarki ke motsa su ba, zuƙar inji ce, abin da muke cewa bakiyum. Akwai wani siririn tiyo da ya taso daga manifol, ya bi ta wani ɗan bawul mai hanya ɗaya, ya shiga wata baƙar ƙwallo ta roba a cikin bonet, ita ce ma'ajiya, sannan ya ratsa zuwa bayan maɓallan mukayyif. Inji yana silo zuƙar tana da ƙarfi, in ka sa mata agogon awon zuƙa za ka ga wajen 17 zuwa 21. Amma da ka taka totur a hawa sai ta faɗi kusan babu. To a lokacin ƙwallon nan ce za ta riƙe ka. In ta tsage ko bawul ɗin ya mutu, shi ke nan, sifirin ya mayar da ƙofa inda masu ƙera motar suka ajiye ta, wato gilashi, don su can ƙasar sanyi ne, gara direba ya ga hanya.

Ka fara da abu mai sauƙi. Ka ta da mota minti ɗaya, ka kashe, ka ɗan jira, sai ka tura liba daga fuska zuwa ƙafa. In ka ji tsss da motsin ƙofa, ma'ajiyarka na riƙewa. In shiru, buɗe bonet. Zare bawul ɗin ka hura da baki, gefe ɗaya iska ta wuce, ɗaya gefen ta ƙi. In ta wuce duka biyu jefar da shi. Sannan ka bi tiyon da yatsa, musamman inda ya kusanci zafin inji da inda ya lanƙwasa, zafin Jidda ba ya barin roba, za ka taɓa ta ta ɓare kamar busasshiyar taliya.

Wallahi abin nan yana min ciwo. Shekarun baya, kafin in buɗe tawa warshar, wato garejina, na kai motar surukina wani wuri a sana'iyya, unguwar garejoji, ba zan faɗi suna ba. Irin ciwon nan sak. Suka ce kwamfiresa, aka canza. Ba ta daina ba. Suka ce a sauke dashbod, kwana huɗu mota na wurinsu, suka karya mana murfin akwatin gaba, har yau da waya aka ɗaure shi. Ranar da muka karɓo ta, ni da kaina na leƙa da tocila bayan inji, sai ga tiyo ya tsage, tsawon tsagar bai kai farce ba. Na yanke bakin da reza na mayar. Riyal ko ɗaya ban kashe ba! Dattijon nan kuwa kuɗin da ya tara na tafiya gida ganin 'yan'uwa ya zuba musu. Kuma da na koma na nuna wa mai wurin, ko haƙuri bai ba mu ba, sai ma ya...to bar shi dai, Allah na nan.

Ina nake? Yauwa, ƙofofi. Na ce duk zuƙa ce, a'a, in gyara, libar zafi da sanyi a taka da kebul take aiki, kar ka je neman tiyo a can. Sai dai wasu motocin suna da bawul na ruwan hita da shi ma zuƙa ke rufe shi, in ta ɓace ruwan zafi ya shigo, sanyi ya ragu. Ka duba ko taka na da shi.

In ka gama da bonet komai lafiya, to sai ƙarƙashin dashbod. Tiyoyin can masu launi-launi ne, don Allah ɗana ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare ko ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya. Ka zuƙa tiyon da baki ka toshe da harshe, sandar ɗan gwangwanin da ke jan ƙofa ta ja ta tsaya. In ta saki, robar cikin gwangwanin ta fashe. Amma ba na jin za ka kai nan. Ka zo da ita warsha bayan la'asar ranar Asabar, ka taho da bawul ɗin a aljihu in gani.