Rijiya goma sha biyu da rahoton ƙarshen shekara

Ɗana, tambayar da ka yi mini a mota sa'ad da muke dawowa daga zagaye ta fi ƙarfin amsar kan hanya, shi ya sa na ce ka bari in zauna in rubuta maka. Ka ce kamfanin da muke yi wa aiki ya haƙa rijiyar burtsatse goma sha biyu a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da masana'antarsa, an kuma ɗora maka rubuta babin gudummawar kamfani ga al'umma a rahoton ƙarshen shekara. Kana da rasiɗin kuɗin da aka kashe, kana da adadin rijiyoyin, kana da hotunan bikin ƙaddamarwa, sai ka tambaye ni ko akwai abin da ya rage a auna.

Abin da ke hannunka shaida ce cewa kamfani ya kashe kuɗi kuma ɗan kwangila ya haƙa rami, akanta ma zai iya tabbatar da wannan ba tare da ya bar kujerarsa ba. Aikinmu yana farawa ne daga ranar da aka naɗe rumfa, manyan baƙi suka koma birni. Abin da ake biyanmu mu gano shi ne ko ruwa yana fitowa har yanzu, ko mutane suna shan sa, da kuma abin da ya sauya a gidajensu saboda shi. Kuɗi mataki ne, ginin rijiya mataki ne, amfani da ita mataki ne, sauyin rayuwa kuma shi ne na ƙarshe, kuma yawancin rahotannin da za ka karanta sun tsaya a na biyu suna magana da muryar na huɗu.

Ka san labarin famfon PlayPump, wanda aka fara a Afirka ta Kudu. Lilo ne mai juyawa da aka haɗa da famfo, da nufin idan yara suna wasa a kansa ruwa ya riƙa hawa tanki. A hoto babu abin da ya kai shi kyau, kuma a 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 don yaɗa shi. Da masu bincike da 'yan jarida suka koma wuraren da aka kafa shi, musamman a Mozambik, sai suka tarar yara sun gaji da wasan, mata ne ke tura lilon da ƙarfinsu, wasu famfunan sun lalace babu mai gyara, kuma a wasu ƙauyukan an cire famfon hannu mai aiki ne aka sa shi. Duk tsawon wannan lokaci alƙaluman famfunan da aka kafa daidai suke, babu wanda ya yi ƙarya a lissafi. Abin da aka zaɓa aka ƙirga ne bai taɓa ruwan da ke shiga randa ba.

Matsalarka ta farko, wadda ba laifinka ba ce, ita ce ba a auna komai ba kafin a fara haƙa. Wanda bai san yadda ƙauye yake jiya ba, ba shi da bakin cewa yau ya gyaru. Da tun farko aka kira mu, da mun rubuta inda kowace unguwa ke ɗebo ruwa, da tsawon lokacin da zuwa da dawowa ke ci, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a bazara da kuma a damina. Dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021, wadda ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun raya al'ummomin da suke aiki a cikinsu, ta ce a fara da binciken buƙatun al'ummar kafin a tsara ayyuka. Kamfaninmu ba na mai ba ne, dokar ba ta hau kansa ba, amma hikimar ta hau. Tun da an riga an wuce wannan gaɓa, za ka cike giɓin da abin da ya samu: rajistar ƙaramin asibitin yankin, rajistar makaranta, da ƙwaƙwalwar 'yan garuwa, waɗanda ba sa manta farashi. Sai dai ka bayyana a rahoton cewa bayanan baya daga tunanin mutane aka samo su, domin mai karatu ya san nauyin da zai ɗora musu.

Lokacin komawa ma yana da muhimmanci. Rijiyar da ka ziyarta a watan Satumba, ƙasa cike da ruwa, ba ta gaya maka komai ba. Ka je a Afrilu, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin gargajiya suka ƙafe kuma kowa ya dawo kan burtsatse. Ka je ba tare da ka aika saƙo ba, domin idan aka san kana tafe za a ɗaure abin da ya karye na yini guda. Ka tsaya ka cika jarka da kanka kana duba agogo, ka ƙirga masu layi, ka ɗanɗana ruwan, ka ɗebi kaɗan a kai gwaji. A Indiya, inda dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin ribarsu ta shekara uku a ayyukan al'umma, hukuma ta ƙara ƙa'ida a 2021 cewa mafi girmansu su sa wani mai zaman kansa ya tantance tasirin manyan ayyukansu, kuma aikin da za a tantance ya kasance ya yi aƙalla shekara guda da kammaluwa. Wannan jinkirin shekara guda shi ne abin da na fi so a cikin ƙa'idar, domin sabon famfo kowa ya san yana ba da ruwa.

Yanzu ga wurin da almajirai suka fi faɗuwa, wato yadda ake tambaya. Idan ka sauka daga motar kamfani, aka shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gidan dagaci, ka ce wa jama'a ko sun ji daɗin aikin, amsar da za ka samu ita ce alhamdu lillahi, Allah ya saka da alheri. Ba yaudararka suke yi ba. Kara ce, da kunyar baƙo, da kuma tsoron kada ƙorafi ya toshe alherin gaba. Saboda haka kada ka tambayi ra'ayi, ka tambayi abin da ya faru: jiya daga ina aka ɗebo ruwan gidan nan, wa ya ɗebo, jarka nawa, an biya ko ba a biya ba, yaushe famfon ya lalace na ƙarshe, kwana nawa ya yi kafin a gyara, kuma kuɗin wa aka kashe. Ka kuma tuna cewa dattawan da ke zaune a kan tabarmar ba su ne ke hulɗa da ruwan ba. Matan da ke cikin gida su suka san ko randa tana cika, kai kuwa gidajen ba shiga ne gare ka, don haka dole ka tafi da mata masu ɗaukar bayani. Yaran da ake aika ɗiban ruwa ma shaidu ne, kuma sun fi kowa faɗin gaskiya.

Ni kaina na taɓa cin wannan tuntuɓe shekarun baya, a wani aiki da ba na wannan kamfani ba. Na rubuta cewa dukan mutanen wani gari sun amfana da rijiya, domin na ɗauki adadin mazauna garin na liƙa mata. Daga baya na gane cewa an haƙa ta ne a cikin shingen wani mai faɗa a ji, kuma unguwar da ke hayin rafi ba ta taɓa sha daga gare ta ba. Tun daga ranar na daina yarda da kalmar “waɗanda suka amfana” sai an gaya mini yadda aka ƙirga su. Ka ƙirga gidajen da suka ɗebi ruwa a makon da ka je, kuma gidan da ke ɗiba a rijiya biyu kada ya zama gida biyu a takardarka.

Za a matsa maka ka rubuta cewa rijiyoyin sun rage gudawa a tsakanin yara, domin wannan jimla tana da daɗin karantawa a taron masu hannun jari. Ka yi hattara da ita. Gudawa tana hawa da sauka da yanayi, don haka sai dai ka gwada kowane wata da takwaransa na bara, kuma ko an sami ragi, wataƙila canjin ma'aikacin asibiti ne, ko wani shirin tsafta na gwamnati, ko damina ce ta zo da sauƙi. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ka duba wani ƙauye mai kama da naka wanda bai sami rijiya ba. Idan can ma an sami ragin, to ba rijiyarka ba ce. In ba ka da halin yin wannan, ka tsaya a kan abin da ka gani da idonka, kamar raguwar tafiya da faɗuwar farashin jarka, waɗanda su kansu ba ƙaramin abu ba ne ga mai gida.

Batun bayyana sakamako kuwa, masu sauraronka iri biyu ne, kuma labari ɗaya za ka ba su. Na farko su ne shugabannin kamfani da masu hannun jari. Ƙa'idojin GRI, cibiyar da aka kafa a Boston a 1997 wadda kamfanoni da yawa a duniya ke bin tsarinta wajen irin wannan rahoto, sun nemi a kawo mai daɗi da mara daɗi ba tare da an karkata ba. Idan ka tarar uku daga cikin sha biyun sun tsaya, ka rubuta haka a cikin jimlar da ka ambaci taran da ke aiki, tare da dalili da kuɗin gyara, kada ka tura su ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Manaja zai ɓata rai, na sani, amma ka nuna masa cewa duk ɗan jaridar da ke da babur da waya zai iya gano ukun nan a yini ɗaya, kuma ranar da ya gano, taran ma ba za a ƙara yarda da su ba. Hoton yara suna dariya a bakin famfo ba laifi ba ne, matuƙar an nemi izinin iyayensu kuma an rubuta ranar da aka ɗauke shi.

Na biyu su ne mutanen ƙauyukan, waɗanda yawanci ba wanda ke komawa ya gaya musu abin da aka rubuta a kansu. Rahoto mai sheƙi da Turanci ba zai kai gare su ba. Ka nemi dagaci ya tara jama'a, ka karanta musu sakamakon da Hausa, a shirya wa mata nasu zaman, sannan ka yi shiru ka saurara. A irin wannan zama ne za a gyara maka lissafi, wani ya miƙe ya ce famfon da ka rubuta yana aiki ya mutu kwana uku bayan tafiyarka. A nan ne kuma ake daidaita abin da ya fi haƙa wuya, wato wa ke riƙe da kuɗin gyara, nawa ake tarawa, da wane makanike za a kira.

Ka shirya takardar tambayoyin ka kawo mini ranar Litinin mu duba tare, kada ta wuce shafi biyu, domin matar da ke da tukunya a kan wuta ba za ta ba ka fiye da minti goma sha biyar ba. Ka kuma gaya wa manaja tun yanzu cewa babin ruwa na bana zai fita da alƙaluman wucin gadi, cikakkun kuwa sai mun dawo daga zagayen Afrilu.