Wane gilashi zan saya wa kyamarata don hoton titi?

Wani mai ɗaukar hoto ya aiko da tambaya. Yana da kyamarar Canon mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), irin da ake kira APS-C, da gilashin da ta zo da shi, 18-55mm. Ya yi 'yan watanni yana tara kuɗi, yana so ya shiga hoton titi da kasuwanni, ya riƙa sayarwa. Mai shago ya nuna masa 24-70mm f/2.8, ya ce shi ne na ƙwararru, ya ba da abin da ke hannunsa, ragowar ya biya kaɗan-kaɗan. Wani abokinsa kuma ya ce 50mm kawai zai saya. Wanne zai bi?

Malam, kada ka ci bashin nan. Gilashin da aka nuna maka mai kyau ne, ban musa ba, amma mai shago cinikinsa yake yi, kai kuma jarinka kake karewa. Hoton titi ba ya kawo kuɗi da wuri. Mutumin da ka ɗauka yana wucewa bai yi odar komai ba, ba kuma zai biya ka ba. Inda kuɗin yake fitowa shi ne mai shago da ke son hoton wurinsa ana tsakiyar ciniki, da wanda ke son a ɗauke shi a waje maimakon cikin situdiyo, da jaridu da kamfanonin da ke dillancin hotuna a intanet. Su ma waɗannan kamfanonin, irin su Getty da Shutterstock, ba sa karɓar hoton da ake gane fuskar mutum don talla sai da takardar amincewarsa. Wato kuɗi na zuwa tsilla-tsilla, bashi kuwa bai san yau babu ciniki ba.

Yi wannan lissafin da biro da takarda. Ɗauki kuɗin gilashin, ka raba shi da ƙarin ribar da zai kawo maka a kowane aiki. Ƙarin nake nufi, abin da ba za ka samu da tsohon gilashinka ba. In amsar ta nuna sai ka yi ayyukan da suka fi na shekara guda kafin ya mayar da kuɗinsa, to sha'awa ce ke janka, ka bar shi sai hannu ya yi kauri.

Sai maganar lambobin, don nan ne abokinka ya yi tuntuɓe. Lambar mm da ke jikin gilashi, wadda ke nuna faɗin abin da zai ɗauko (ƙarama ta fi faɗi, babba ta fi kusantowa), ana fahimtarta ne bisa babbar sensa mai faɗin 36mm da tsayin 24mm. Taka ƙarama ce, don haka kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6 (masu Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5 suke ninkawa). Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya yi suna a hoton titi, ya fi aiki da 50mm a kan kyamarar Leica, shi ya sa kowa ke ambaton lambar. Amma 50mm a kyamararka zai nuna maka abin da 80mm ke nunawa. Ka tsaya a lungu mai ƙunci, mai sayar da kaya yana miƙa wa yaro canji, ka ɗaga kyamara, sai ka ga kai da kafaɗa kawai. Hannun da canjin da tulin kayan duk sun fita. Ka ja baya, bango ya tare ka. Kafin ka gyara tsayuwa an gama cinikin. Gilashi ne mai daɗin hoton fuska, yana da araha, gram 160 ne kacal samfurin STM mai f/1.8, amma a wajenka ba na cunkoso ba ne.

Shi kuma 24-70 ɗin, a kyamararka zai koma kamar 38 zuwa 112, ka biya kuɗin faɗin da ba za ka gani ba. Na Canon samfuri na biyu ya kai gram 805. Rataya wannan a wuya tun safe har la'asar ka ji. Ga shi da girma, mutane na hango shi sai su kame ko su kau da kai, kai kuwa abin da kake nema su ci gaba da harkarsu kamar ba ka wurin.

Abin da mutane ke mantawa, 18-55 ɗinka ya riga ya ɗauko daga kusan 29 zuwa 88. Mafi yawan nisan da ake gardama a kai yana hannunka kyauta. Juya zoben zuwa 24, ka manne shi da salatif, ka yi sati biyu ba ka taɓa shi ba. Sannan ka mayar da shi 35 ka sake sati biyu. Bayan nan ka zauna gaban kwamfuta ka ware hotuna talatin da suka fi burge ka, ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin kowane hoto. Lambar da ta fi yawa, ita za ka saya.

In 24 ta yi rinjaye, kuma na fi zaton haka, akwai EF-S 24mm f/2.8 na Canon, siriri kamar murfin kwalba, gram 125, yana ba ka kamar 38mm. Sai dai ka sani gilashin da aka rubuta wa EF-S ba ya hawa kyamarar Canon mai madubi a ciki (DSLR) da babbar sensa, wanda aka rubuta wa EF kuwa yana hawa mai babbar sensa da mai ƙarama. In kana da niyyar canza kyamara nan kusa, sa wannan a lissafi.

Kada lambar f ta ruɗe ka, ita ce ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Daga f/5.6, inda gilashinka yake in ka zuƙo shi ƙarshe, zuwa f/1.8, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma; wannan bambanci ne da za ka gani da magariba. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 kuwa ko ninki biyu bai kai ba, kuɗin kuma yakan ninka fiye da haka. Da rana ma a f/8 za ka riƙa aiki, don na kusa da na nesa su fito tangaran.

Na hannu ma ya isa, gilashi ya fi kyamara riƙe darajarsa, in bai yi maka ba ka sayar ba tare da babbar asara ba. Amma ka tafi da kyamararka. Haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ajiye masa abinsa. Ɗora shi ka saurari ɗan injin da ke saita hoto, kada ta riƙa kai da komowa ba ta kama ba. Ɗauki rubutun da ke jikin bango a f/8, ka faɗaɗa hoton, ka duba kusurwa huɗu ko ɗaya ta fi sauran dishi-dishi. Ka nemi a rubuta maka lambar siriyal ta gilashin a rasit, da kwanakin da za ka iya dawo da shi. Ragowar kuɗin ka sayi batir na biyu da katin ajiya, ka bar na mota a aljihu.