Katin tallan taki ga manoman Argungu

Malam, ka tambayi yadda za ka tsara katin tallan shagonka na taki don manoman shinkafa. Ka bar katin ya faɗi abu ɗaya: farashin buhu da manyan haruffa, sai lambar waya. Kuskuren da na fi gani shi ne cusa komai har rubutu ya koma kamar tururuwa, dattijo kuwa ba zai wahalar da idonsa ba. Ka sa ajami a baya, da yawa sun fi sabawa da shi. Ƙauyuka ba lambar gida, don haka ka miƙa hannu da hannu ranar kasuwa, kafin shuka. Girman A6, wato kashi ɗaya cikin huɗu na takardar da aka saba yin fotokwafi da ita, ya isa, amma mai bugawa ya nuna maka samfuri tukuna, launi kan sauya a takarda.