Zoben Zinaren Jariri a Koriya: Amsar Kawu

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce abokiyar aikinki a Seoul ta gayyace ki bikin cikar ɗanta shekara ɗaya, an ce miki zoben zinare ake kaiwa, kina tambaya ko dole ne, kuma me ya sa sai zinare.

Ba dole ba ne. Zinare ya yi tsada, yawancin mutanen Koriya yanzu kuɗi suke sawa a ambulan. Amma kada ki raina zoben. Bikin suna kiransa dol, zoben kuma nauyinsa giram 3.75. Za ki ga an jera wa yaron zare da kuɗi da alƙalami, a ga wanda zai ɗauka a yi ta shewa. Wannan wasa ne. Zoben kuwa ajiya ce, uwa ke ɓoye shi saboda ranar tsanani, kamar yadda kakarki ta riƙe warwaronta.

Ranar tsananin ta riske su a 1997, lokacin ina zirga-zirgar sarin kaya tsakanin Bangkok da Seoul. Ƙasashen yankin sun yi shekara da shekaru suna bunƙasa, har ana musu kirari da damisoshin Asiya. Sai dai a kan bashin dala na gajeren wa'adi aka ɗora ginin. Mutum ya ci bashin wata uku ya kafa masana'antar da sai ta shekara goma kafin ta maido da uwar kuɗi, ina dabara a nan? Ranar 2 ga Yuli Thailand ta saki kuɗinta, baht. Daga 25 a kan dala ɗaya, a Janairun 1998 ya wuce 50. Masu ba da bashi suka janye hannu gaba ɗaya. A Indonesiya guguwar ta yi awon gaba da mulkin shugaba Suharto a Mayun 1998. A Koriya, kuɗinsu won ya zube daga wajen 900 a kan dala ɗaya zuwa kusan 2,000, aka garzaya wurin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, aka haɗa musu tallafin kusan dala biliyan 58.

A Janairun 1998 mutanen Koriya suka yi layi a bankuna riƙe da zoben aure da zoben jariransu, don su taimaka wa ƙasarsu ta biya bashi. Mutum kusan miliyan uku da rabi, zinare tan 227. Akasarinsu an biya su da won, gwamnati ta sami dala. Ba sabon abu ba ne gare su: a 1907 kakanninsu mata sun cire zobba, maza sun daina shan taba, don a biya Japan bashi.

Kada ki ɗauka zinaren ne ya biya bashin. Darajarsa dala biliyan 2 da 'yan kai ce. Faɗuwar won ta sa kayansu suka yi araha a kasuwar duniya, an rufe bankunan da suka ruɓe, har babban kamfanin Daewoo aka bari ya rushe a 1999. A Agustan 2001 suka gama biyan IMF, tun wa'adi bai cika ba. Abin da har yau yake min ciwo shi ne, manyan kamfanoni suka ci bashin, ma'aikaci ya rasa aiki, matarsa kuma ta miƙa zoben ɗanta.

Ke dai ki sa abin da ya sauƙaƙa a farar ambulan, ki miƙa da hannu biyu. Kada ki rubuta sunan yaron da jan biro, ga mamaci suke yin haka. Ki kula da abincin wurin, suna yawan sa naman alade. Gwaggonki tana gaishe ki.