An ba ƙanena gado a sashen masu taɓin hankali: jinya ce wannan ko horo?

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. Mako biyu ke nan da aka kwantar da ƙanena a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, bayan ya yi kwana biyar ba barci, yana ta surutai yana cewa ana bin sa za a kashe shi. Ranar da muka kai shi aka karɓe bel ɗinsa da cajar waya, har zariyar wandonsa aka zare. Da na je dubiya na tarar wuyansa ya sandare, yawu na dalala, hannu na rawa. Wani majinyaci kuma ya gaya mini cewa a daren farko sai da aka ɗaure shi a gado. Mahaifiyarmu ta ce mu ɗauko shi mu kai wa mai magani. Don Allah haka ake wannan jinyar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kuma sanyaya zuciyar Mama. Roƙona na farko shi ne kada ku ɗauko shi yanzu. Amma ki koma asibitin gobe, kada ki jira ranar dubiya ta gaba, domin cikin abin da kika lissafa akwai wanda ke bukatar gyara da gaggawa.

Wannan sandarewar wuya da rawar hannu da dalalar yawu ba ciwon ne ya ƙaru ba. Galibi aikin magani ne. Magungunan da ake fara kwantar da irin wannan ruɗewa da su, kamar haloperidol da chlorpromazine wanda aka fi sani da Largactil, suna taɓa sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi kuwa yana da hannu a yadda jiki ke motsi. Shi ya sa za ki ga mutum yana tafiya a ƙage, fuska ba walwala, wani harshensa ya fito, wani idanunsa su kafe sama. Samari sun fi saurin kamuwa da irin wannan murɗewar a kwanakin farko. Yana da makari: likita ya rage adadin maganin, ko ya sauya wani, ko ya haɗa da benzhexol, maganin da ke sassauta wannan sandarewar. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a bar yaro haka kwana da kwanaki ba wanda ya kai magana ga likita. Lura da wannan aikinmu ne mu nas-nas, mu ke tare da shi dare da rana. In kuwa kika ga sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi, da gumi, da rashin gane mutane, ko yana kasa haɗiya ko numfashi, kada ki yi kawaici, ki nemi a kira likita nan take.

Maganar bel da caja da zariya kuwa, na san tana ɓata wa dangi rai, amma a nan ina bayan abokan aikina. Wanda ya yi imani ana bin sa za a kashe shi yana cikin tsoron da mu masu lafiya ba mu san irinsa ba, kuma tsoro kan sa mutum ya cutar da kansa ko na kusa da shi. Ko da shi ba zai yi ba, na gadon gefensa fa? Saboda haka ake kwashe igiya da reza da almakashi da kwalba daga kowa.

Mutane na ɗaukan aikin nas a wannan sashe allura ce da ƙwaya. Mafi yawan aikin sa ido ne. Awa nawa ya yi barci? Ya ci abinci, ko ya ture don yana zargin an sa masa guba? Ya yi wanka da kansa ko sai da aka lallashe shi? Yana magana shi kaɗai yana juya kai kamar mai sauraren wani? Ya haɗiye maganin ko ya ɓoye ƙarƙashin harshe? Likita na iya ganinsa na 'yan mintuna, amma da abin da nas ta rubuta a fayil yake yanke shawarar ƙara magani ko ragewa. Wanda ake tsoron zai halaka kansa akan leƙa shi duk bayan minti 15, wani ma a zaunar da ma'aikaci kusa da shi ba a gusawa. Akwai kuma salon magana. Idan ya ce ana bin sa, ba ma ƙaryata shi, ba ma kuma gaskata shi. Mukan ce: "Ni ban ga kowa ba, amma na ga kana cikin tsoro, zo mu zauna nan." Gardama da mai wannan hali ƙara masa zargi take yi. Ke ma ki riƙe wannan in kin je dubiya.

Sai ɗauri, wanda shi ya fi ci mini rai. Akwai lokacin da majinyaci kan kai matakin da in ba a riƙe shi ba jini zai zuba, bayan lallashi ya gaza, an ba shi wuri ya huce bai huce ba, an miƙa magani ya ƙi. A nan ne kaɗai ake ɗauri, kuma da ƙa'ida: da sanin likita, da maɗauri mai laushi, a rigingine ba rub-da-ciki ba, ana duba numfashinsa da gudun jini a hannu da ƙafa a kai a kai, ana ba shi ruwa, ana kai shi bayan gida, a kwance shi da zarar ya natsu, a rubuta dalili da lokaci. Ɗauri don ya yi wa ma'aikaci rashin kunya, ko don ma'aikatan dare sun yi kaɗan, zalunci ne ko da a asibiti aka yi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana sa wa marasa lafiya sarƙa. Kina da ikon tambayar shugabar nas ta sashen: me ya faru a daren, awa nawa ya yi a ɗaure, an sake tun daga ranar?

Ki faɗa wa Mama cikin ladabi cewa ba wanda ya hana addu'a. Ta tofa masa, a karanta masa Alƙur'ani a bakin gadonsa. Abin gudu shi ne a yanke magani a tsakiya, domin yakan ɗauki makonni kafin ruɗewar ta lafa sosai, kuma in aka katse ciwon kan dawo. Ba mu manta da halin da aka fito da mutane daga gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba, ƙafafu duk tabon sarƙa.

Kuma kada ku ja baya ku bar wa asibiti shi. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya fara sauke majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowane tare da ɗan'uwansa, don ya ga amfanin dangi a wannan jinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ku kuka san yadda yake kafin ciwon, ku za ku faɗa mana ko yana shan wani abu kamar wiwi ko tiramadol, ko an taɓa irin wannan a dangi. Faɗar gaskiya a nan ba tonon asiri ba ne, tana sauya irin maganin da za a ba shi.

Kafin sallama ki nemi a rubuta miki sunan kowane magani da lokacin shansa da ranar dawowa ganin likita. In kin san zai yi wasa da ƙwaya, ki tambaya ko zai dace da allurar da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. Makonnin farko bayan komawa gida su ne mafi hatsari, don haka maganin ya zauna a hannun babba, ba a ɗakinsa ba. Gobe in za ki je, ki tafi masa da wando mai roba, da silifas, da abincin da ya fi so a kwanon roba.