TAMBAYA DA AMSA: Yaya zan haɗa akwatin makunnan ƙari a motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mazaunin Daura ne, ina da tsohuwar Hilux da nake zuwa gona da ita wajen Sandamu kuma sau da yawa sai dare nake dawowa. Na sa wani mai rewaya ya ƙara mani doguwar fitila mai wat 120 a saman mota da ƙanana biyu a baya masu wat 27 kowace, to sai ya jona su duka a wayar fitilar gaba, ko sati biyu ba a yi ba na fara jin ƙaurin roba, makunnin ya narke a hanya. Yanzu na sayo akwatin nan mai makunni shida, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji wallahi Allah ne ya tsare, don irin ƙaurin nan shi ne farkon gobarar mota. Wayar fitilar gaba an yi ta ne daidai kayanta, shi kuma ya ɗora mata jakin kaya.

Fara da lissafi, ba wuya. Motarka bolt 12 ce, sai ka raba wat da 12. Doguwar fitila 120, amfiya 10 ke nan. Na baya biyu 54, amfiya huɗu da rabi. Wannan wutar ba za ta bi ta cikin makunni ba sam, aikin rile ne, wato ɗan ƙaramin makunni da wuta ke kunnawa da kashewa. Makunnin da ke gabanka saƙo kawai yake aikawa, rile ke ɗaukar nauyin. Wasu akwatunan da rile da fiyus a ciki suke zuwa, buɗe naka ka duba, in babu sai ka sayi rile mai amfiya 30 ko 40 ga kowane layi. Juya shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafun: 30 wuta daga batir, 87 ta tafi fitila, 86 daga makunni, 85 a ɗaure a bodi.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na negetif. Sannan babbar waya ta taso daga fozitif kai tsaye zuwa akwati, mai kauri, sukwaya milimita 10, kuma a nan ne nake so ka tsaya kan mai aikin ka da ƙafarka: babban fiyus, kamar mai amfiya 40, ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Mutane na ɗauka fiyus fitila yake karewa, a'a, waya yake karewa, in ka sa shi can ƙarshe wajen akwati duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir tsirara take, ranar da ta goge da ƙarfe ta yi shot ba abin da zai tsayar da ita sai ta yi jajir. Na taɓa ganin wata mota a wani gareji wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, wayar ta ƙone tun daga batir har ƙasan sitiyari, roba ta manne da bodi kamar an zuba kwalta, fiyus ɗin kuwa yana can lafiya lau bai ma san an yi ba.

Kowane layi da nasa ƙaramin fiyus. Doguwar fitila mai amfiya 15, shuɗi, da waya mai sukwaya milimita 2.5. Na baya 10, ja, waya 1.5 ta isa. Kuma don Allah kar a sa wayar gida mai sili ɗaya, girgizar hanyar gona karya ta take, a nemi ta mota mai gashi da yawa. In fiyus ya ƙone kar a naɗa mai takardar sigari ko silin waya, a nemo dalili.

Inda waya za ta ratsa daga wajen inji zuwa cikin mota a bi ta ramin da ke da roba, a nisanta da salansa, a ɗaure ta kar ta yi lilo. Wayar negetif a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure noti. Duk soket mai ruwan ɗorawa da aka gani ƙarƙashin dashbod a bar shi, na jakar iska ne in motar na da ita.

Sai wutar da ke ba makunnan kansu, a ɗauko ta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa ki, kamar na rediyo, in ba haka ba yaro ya danna da yamma ka tashi da asuba batir ya mutu.

Doguwar fitilar nan kuma ta hanyar gona ce Alhaji, in ka hau titin Daura zuwa Katsina ka hango mota ko mai mashin na tahowa ka kashe ta, makantar da mutum take yi. Shi ya sa zan so ka sa makunninta ya zama na farko a jere, wanda hannunka zai samu ba sai ka duba ba.